Takardun hannun jarin da Baba ya bari a adaka

Wasiƙar wannan mako daga Aboabo ta fito, a nan Kumasi. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye.

"Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu ya rasu bara bayan Babbar Sallah. Da muka buɗe adakarsa sai muka tarar da takardun hannun jari na kamfanoni biyar, wasu tun shekarun 1990, a naɗe cikin leda tare da takardun gida. Mu bakwai ne, ni ne babba, kuma iyayenmu mata biyu suna raye. Ƙannena biyu sun matsa a sayar a raba. Ni kuma ina ganin kada mu yi saurin rabuwa da abin da tsohon ya riƙe shekara talatin alhali ba mu san darajarsa ba. Na duba intanet, farashin yau kawai nake gani. Ina son in ga yadda kamfanonin suka kasance shekara goma ko goma sha biyar baya: cinikinsu, ribarsu, bashinsu, da abin da suka raba wa masu hannun jari. Wani abokina ya nuna mini wani shafi na ƙasar waje da ake biya da dala duk wata, ya ce komai na ciki. Wani kuma ya ce zai saka ni a zauren WhatsApp inda ake faɗar wanda zai tashi. Kayan gyaran mota nake sayarwa a Suame Magazine, ban yi karatun akanta ba. Har an fara cewa ina jan ƙafa ne don in ci dukiyar marayu. Ina zan samo bayanan nan, kuma wanne zan yarda da shi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Zan fara da maganar da ka ajiye a ƙarshe, don na san ita ce ke hana ka barci, ba lissafin kamfani ba. Zargin cin dukiyar marayu yana da nauyi, kuma ɓoye-ɓoye ne abincinsa. Kafin ka buɗe kwamfuta ko ka hau mota zuwa Akra, tara iyayenka mata da ƙannenka da kawu ɗaya wanda kowa ke jin nauyinsa, ka shimfiɗa takardun nan biyar a kan tabarma, a ɗauki hotonsu, kowa ya tafi da kwafi. Ka faɗa musu abin da kake nema da watan da za ka dawo da amsa. Sannan ka sanar da su abu biyu. Ko yau kuka haɗa baki a kan sayarwa, takardar hannu ba ta sayuwa haka nan. Kasuwar hannun jari ta Gana ta daɗe da komawa na'ura. Sai an shigar da hannun jarin cikin asusu a ma'ajiyar da ake kira CSD ta hannun dillali mai lasisi, kuma tunda mai sunan ya rasu, za a nemi takardar shaidar mutuwa da takardar kotu wadda ke naɗa masu kula da dukiyar mamaci. Aikin watanni ne. Abu na biyu, rabo ba dole sai an sayar ba. Hannun jari ƙidayayye ne kamar huhun goro: malami ya fitar da kason kowa, a mayar wa kowa nasa cikin asusunsa, mai son sayarwa ya sayar, mai son riƙewa ya riƙe. Ba ka da haƙƙin tsare rabon ƙaninka don kana ganin ka fi shi hangen nesa, shi ma ba shi da haƙƙin tilasta maka sayar da naka. Ka fara aikin kotun tun yanzu, binciken ya tafi tare da shi. In suka ga takarda na tafiya daga ofis zuwa ofis, maganar jan ƙafa za ta mutu da kanta.

To, mu zo kan tambayarka.

Bayanan da kake nema suna nan, yawancinsu ma kyauta ne, sai dai ba a tukunya ɗaya aka dafa su ba. Kuma ina son ka riƙe wannan da kyau: duk wani adadi da za ka gani a kowane shafi, na kyauta ko na dala, daga wuri ɗaya aka kwafo shi, wato rahoton shekara na kamfanin, wanda masu binciken kuɗi suka duba suka sa hannu. Kai da ke sayar da kayan mota ba sai na yi maka bayanin bambancin na asali da na kwaikwayo ba. Shafi na iya kwafowa daidai, yana iya tsallake layi, yana iya haɗa shekarar tsohon sidi da ta sabo. Rahoton shi ne na asalin.

Shafin dalar nan, shawarata kada ka biya. Manyan rumbunan irin su Bloomberg da Compustat an gina su ne don bankuna da jami'o'i, kuɗinsu ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Masu araha kuma ƙarfinsu a Amurka yake, kuma akwai dalili. Can hukumar kasuwarsu tana da rumbu mai suna EDGAR, kowa na shiga kyauta, rahotanni tun tsakiyar shekarun 1990 na ciki, kuma tun 2009 aka fara tilasta wa kamfanoni su aika da lissafinsu a tsarin da na'ura za ta iya karantawa kai tsaye. Shi ya sa shafi zai jero maka shekara goma sha biyar na kamfanin Amurka cikin ƙiftawar ido. Kasuwarmu, wadda ta fara ciniki ranar 12 ga Nuwamba 1990, kamfanoninta talatin da wani abu ne, kuma rahotanninsu takarda ce da PDF, wasu ma hoton takarda. Sai mutum ya zauna ya shigar da hannu, kuma ba kowane shafi ke ɗaukar wannan wahala saboda ƙaramar kasuwa ba. In abokin naka ya dage, gani ya kori ji: ya buɗe nasa, ya rubuta sunayen kamfanoninku biyar, ku nemi ribar 2010 ta kowanne, ku gwada da rahoton asali. A nan za ka san ko komai na ciki.

Zauren WhatsApp kuwa ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Mai faɗa maka wanda zai tashi gobe bai ba ka tarihi ba, kuma ba ka san ko shi ne ke neman wanda zai sauke wa kaya ba. Mutanen Zango da yawa sun ga abin da ya faru a 2018 lokacin Menzgold, kamfanin zinaren da kuɗin mutane suka maƙale a cikinsa, da watan Nuwamba na 2019 da SEC, hukumar da ke sa ido a kan harkar hannun jari a Gana, ta soke lasisin kamfanoni 53 masu juya kuɗin jama'a. SEC na wallafa jerin waɗanda ta ba lasisi a shafinta. Duk wanda zai taɓa takardun mahaifinka, ka fara neman sunansa a can.

Ƙofar farko da za ka ƙwanƙwasa ba ta kamfani ba ce, ta mai riƙe rajistar masu hannun jari ce. Kowane kamfani da ke kasuwa yana da nasa, sunansa na shafukan farko na rahoton shekara, sau da yawa ma yana jikin takardar da ke hannunka. Kamfanin NTHC na cikin waɗanda suka daɗe a wannan aiki, bankin GCB yana da sashen rajista, ita ma CSD tana yi. Ka je da lambar takardar da cikakken sunan Baba yadda aka rubuta shi, ko da an rubuta shi ba daidai ba, ka tambayi abu biyu: guda nawa ne a sunansa yau, kuma akwai ribar da aka raba ba a karɓa ba? Tambayar farko tana da muhimmanci saboda adadin da ke jikin takardar 1996 ba lallai shi ne na yau ba. Kamfanoni kan yi kyautar ƙarin hannun jari, kuma ana rubuta wa mutum ko bai sani ba. Ta biyu kuma, a da ta akwatin gidan waya ake aiko da takardar riba. Dattawanmu da yawa akwatin masallaci ko na wani ɗan'uwa suka bayar, akwatin ya mutu, takardun suka yi ta komawa. Na sha ganin magada sun tarar da kuɗin shekaru a kwance. Wannan na kowa da kowa ne a gidanku, ka rubuta shi a takarda ka nuna musu.

Kada ka firgita in ka nemi sunan da ke jikin takarda ba ka same shi a kasuwa ba. Kamfanoni na canza suna kamar yadda shago ke canza allo. Ghana Commercial Bank, wanda ya shiga kasuwa a 1996, shi ne GCB Bank. Mobil Oil Ghana ya zama Total Petroleum Ghana, yanzu TotalEnergies Marketing Ghana. SSB ya zama SG-SSB, daga baya Société Générale Ghana. HFC Bank shi ne Republic Bank Ghana. Ashanti Goldfields na Obuasi, wanda aka sa a kasuwa a 1994 har mutanen Kumasi da yawa suka saya, ya haɗe da AngloGold a 2004. In kana neman tsohon rahoto, da tsohon sunan za ka nema, in ba haka ba sai ka ɗauka babu.

Yanzu ga dabarar da za ta rage maka aiki, kuma ita ce na fi son ka ɗauka daga wannan amsa. Yawancin rahotannin shekara suna ɗauke da shafi guda, ko a farko ko can wajen ƙarshe, mai taƙaita shekara biyar a jere: ciniki, riba kafin haraji da bayansa, kadara, jarin masu kamfani, ribar kowane hannun jari, da abin da aka raba. Ke nan ba rahoto goma sha biyar kake buƙata don ganin shekara goma sha biyar ba. Ka samo na 2023, na 2018 da na 2013, ka jera su, sai ga 2009 zuwa 2023 a gabanka. Kamfani biyar, rahoto goma sha biyar. Wannan aikin mutum ɗaya ne mai waya da haƙuri. Inda ka ga wata shekara ta yi tsalle ko ta faɗi warwas, sai ka koma ka nemo cikakken rahoton wannan shekarar kaɗai, don ruwa ba ya tsami banza.

Sababbin ba su da wuya. Shafin kamfani yana da sashen masu zuba jari. Shafin kasuwar hannun jarin ma yana wallafa sanarwar kamfanoni: lissafin wata uku-uku wanda ba a bincika ba, na shekara wanda aka bincika, sanarwar rabon riba, da ranar babban taro. Kamfanin da shekararsa ke ƙarewa a Disamba, wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu ake sa ran lissafinsa. Akwai kuma shafin African Financials, wanda ke tara rahotannin kamfanonin Afirka, namu na ciki.

Tsofaffin ne ke buƙatar ƙafa. Kamfani kan sabunta shafinsa ya share duk abin da ya wuce shekara biyar ko shida. In haka ta faru, akwai wata ma'ajiya a intanet mai suna Wayback Machine, wadda ke ɗaukar hoton shafuka tun 1996. Ka saka adireshin kamfanin, ka zaɓi shekarar 2012 misali, sai ka ga shafin yadda yake a lokacin, wani sa'in har PDF ɗin yana buɗewa. In bai buɗe ba, rubuta wa sakataren kamfani wasiƙa ta takarda, ka ce kai wakilin magadan mai hannun jari ne, ga lambar takarda, kana neman rahoton shekara kaza da kaza. Mai hannun jari mai kamfani ne, ba maroƙi ba, ko da guda ɗari gare shi. Kasuwar kanta tana Cedi House a kan titin Liberia a Akra, kuma ta riƙa buga littafin bayanan kamfanoni mai suna Fact Book. Ka tambaye su tsofaffin. Bankuna kuma suna buga lissafinsu a jaridu, saboda haka tsofaffin Daily Graphic da Business and Financial Times na watan Maris da Afrilu taska ce. Ba sai ka je Akra don wannan ba tukuna: ka fara da ɗakin karatu na Prempeh II a jami'ar KNUST, ka tambayi ma'aikatan inda ake ajiye tsofaffin jaridu da kundayen ɗaliban akanta, don ɗalibai da yawa sun riga sun tattara irin waɗannan alƙaluma a ƙarshen kundinsu. In Akra ta kama, akwai ɗakin karatu na Balme a Legon da na George Padmore. Ofishin rajistar kamfanoni ma yana karɓar bayanan shekara daga kowane kamfani, ana biyan kuɗi a yi bincike, amma ka bar shi ya zama na ƙarshe.

Kada ka manta da adakar kanta. Mutumin da ya adana takarda shekara talatin cikin leda, da wuya a ce ya zubar da littattafan da ake aiko masa. Ka duba ƙarƙashin gado da saman kabad. In ka ci karo da takardar tallan da aka fitar lokacin da kamfani zai shiga kasuwa, ka riƙe ta da hannu biyu, domin tana ɗauke da lissafin shekarun da suka gabaci shigarsa, abin da ba ka samu a ko'ina. Wanda ya sayi GOIL a 2007, ko kamfanin manja na Benso a 2004, ko MTN a 2018 lokacin da aka sayar da guda a kan fesuwa 75 har ta momo, wato biyan kuɗi ta waya, da irin wannan takarda aka tallata masa.

In cikin biyar ɗin akwai wanda ke wata kasuwar ban da tamu, aikinka ya yi sauƙi. AngloGold Ashanti na aika rahoto EDGAR. Kamfanin mai na Tullow na kasuwar Landan. Uwar kamfanin Ecobank, mai hedkwata a Lome, tana kasuwar Akra da Legas da Abijan, kuma daban take da Ecobank Ghana. Kada ka haɗa lissafinsu.

Da ka tara, sayi littafin awo mai faɗi irin na shago, ko ka buɗe Excel in ka saba. Kamfani ɗaya shafi ɗaya, shekaru a jere a sama. Kada ka kwashe komai. Ciniki, riba bayan haraji, kuɗin da ya shigo hannu daga ainihin sana'ar kamfanin, bashin da ake biya wa kuɗin ruwa, jarin masu kamfani, yawan hannun jari, da abin da aka raba wa kowane guda. Sun isa. A gefen kowane adadi ka rubuta daga wane rahoto da wane shafi ka ɗauko, domin ranar da ƙaninka ya ce "ina ka samo wannan", ka buɗe masa. Kuma ina so ka kwafa da hannunka, kada ka ba yaro. Mai kwafar shekara goma sha biyar da hannunsa yana jin inda lissafi ya yi tuntuɓe tun kafin ya san sunan abin a Turance.

Layi na uku nake so ka zuba wa ido. Ka san a shago mutum na iya rubuta ciniki mai yawa alhali rabinsa bashi ne a hannun makanikai, aljihu kuma wayam. Kamfani ma haka. In riba na hawa shekara bayan shekara amma kuɗin hannu ba ya bin ta, bashi kuma na kumbura, ka tsaya ka karanta bayanan da ke bayan lissafin. Ka karanta ra'ayin masu binciken kuɗi ma, shafi biyu ne ko uku. In suka ce suna da shakka kan ko kamfanin zai iya ci gaba da aiki, wannan jimla ɗaya ta fi duk jawabin shugaban kamfani nauyi.

Akwai ramuka a hanyar nan waɗanda namu ne na Gana, kuma a nan ne shafukan waje suka fi faɗawa. Mafi girma shi ne canjin kuɗi na Yulin 2007, da aka mayar da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya. In ka ga kamfani ya ci ribar biliyan 50 a 2006 sannan miliyan 6 a 2007, bai karye ba. Biliyan 50 ɗin nan miliyan 5 ce a sabon kuɗi, ribar ma ƙaruwa ta yi. Duk abin da ya gabaci 2007 ka cire masa sifili huɗu. A wannan lokacin ne kuma kamfanonin kasuwa suka koma tsarin lissafi na duniya da ake kira IFRS, saboda haka wasu layuka sun canza suna da ma'ana. Ka duba saman kowane shafi ka ga ko da dubbai aka rubuta adadin ko da cikakken sidi. Ka duba ko ginshiƙin kamfanin kaɗai kake karantawa ko na rukuninsa duka, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa. In rahoton 2016 da na 2017 suka ba ka adadi biyu mabambanta na shekarar 2016, gyara aka yi. Ɗauki na baya, amma ka ajiye na farkon a gefe, don kamfanin da ke yawan gyara jiya yana gaya maka wani abu game da kansa. Ba kowa ke rufe shekara a Disamba ba ma; Guinness Ghana ya shekara da shekaru yana rufewa a ƙarshen Yuni.

Sai yawan hannun jari. In kamfani ya ba kowa ƙarin guda ɗaya a kan kowane guda, ribar kowane guda za ta rabu biyu, farashi ma haka, alhali ba abin da ya ragu a aljihun mai shi. Wannan ya faru sosai a bankuna wajen 2018, lokacin da Babban Bankin Gana ya ce kowane banki ya kai jarinsa sidi miliyan 400 kafin ƙarshen shekara. Wasu suka mayar da ribar da suka tara ta zama jari, wasu suka sayar da sababbin hannun jari. Shi ya sa na ce yawan hannun jari ya samu layinsa a littafinka.

Ramin da ya fi yaudara shi ne sidi kanta. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Dala da ta fara shekarar a wajen sidi 6 ta haura 13 a Nuwamba kafin ta sauko. Kai da ke sayen kaya daga waje ka ji wannan a jikinka. Kamfanin da cinikinsa ya ƙaru da kashi 20 a wannan shekara, a takarda ya girma, a gaskiya ya rame. Saboda haka ka ƙara layi biyu a ƙasan kowane shafi: hauhawar farashin shekarar, daga Hukumar Ƙididdiga ta Gana, da farashin dala, daga Babban Banki. Dukansu kyauta ne a shafukansu. Ba tare da su ba kowane kamfani zai yi maka kama da mai haɓaka. A wannan Disambar ne kuma gwamnati ta sanar da musayar takardun bashinta na cikin gida, abin da ya jawo wa bankuna da yawa asara a lissafin 2022. In ka ga wannan rami a shafin bankin Baba, ka san daga ina ya zo, sannan ka duba yadda ya farfaɗo a shekarun da suka biyo baya.

Farashin da kake gani a intanet kuma kada ka ɗauke shi tamkar hukunci. A kasuwarmu akwai hannun jarin da kan yi kwanaki ba a sayi ko guda ba, farashin na tsaye ne kawai a inda cinikin ƙarshe ya bar shi. Rahotannin kasuwar na nuna yawan abin da aka saya. Ka duba shi tare da farashin. In za ka lissafa abin da Baba ya samu daga rabon riba, ka tuna ana cire harajin kashi 8 kafin ya iso hannu.

Mai yiwuwa cikin biyar ɗin akwai wanda ya bar kasuwa ko ya mutu. Ka buɗe masa shafi shi ma. Shafukan intanet kan share matattu, sai mai kallo ya ɗauka duk wanda ya riƙe hannun jari shekara ashirin ya ci riba. UT Bank yana kasuwa har zuwa Agustan 2017 da aka soke lasisinsa. In kana son sanin gaskiyar abin da dukiyar Baba ta yi, har da wanda ya nutse za ka ƙirga.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma na san iyayenka mata za su tambaya: halal ne? Ba ni ne mai fatawa ba, malaminku ne. Sai dai malami ba zai iya amsa maka ba sai ka kawo masa gaskiyar kamfanin, kuma littafin nan naka shi ne gaskiyar. Wanda sana'arsa giya ce ko ba da rance da ruwa, ba sai an yi dogon lissafi ba. Kamfanin mai, ko manja, ko madara, ko waya kuwa, malaman zamani na duba yawan bashinsa mai ruwa da yawan abin da ke shigo masa ta hanyar da ba ta halatta ba. Ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke Bahrain mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, wanda da yawa ke bi, ya sa iyakar bashin a kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shigar da ba shi da tsarki kuma kada ya wuce kashi 5. Duka biyun suna cikin bayanan rahoton shekara. Ka fitar da su, ka kai wa malam tare da tambayar yadda za a yi da ribar da ta taru, ya yanke.

In ka tashi zuwa Akra, ka hau motar asuba daga Asafo ranar aiki, ka riƙe ainihin takardun a jikinka, kwafi a jaka, da katin Gana naka da takardar shaidar rasuwar Baba. Kada ka bar wa kowa takarda ta asali sai ya ba ka rasit mai hatimi. Kuma ka tafi da ɗaya daga cikin ƙannen nan biyu masu son a sayar, wanda ya fi zafi a cikinsu. Ya zauna kusa da kai a ofishin rajista, ya ji adadin da kunnensa, shi ya riƙe biro ya rubuta.